Shekarar da Ruwan Shuka Ya Faɗo Ranar Bita

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari ƙasa na nan yadda take. A cikin wannan zafin 'yata Rahila take bitar lissafi, domin jarabawar fita sakandare ta matso. Takan zauna gindin darbejiyar ƙofar gida da waya a hannu, wani mutum a cikin wayar yana warware mata tambaya a kan allo. In ba ta gane ba sai ta mayar da shi baya, ya sake, ba ya gajiya, ba ya fushi. Jiya ina tankaɗe na ji ta ja dogon tsaki.

"Lafiya?" na ce.

"Mama, sabis ne. Yana tsakiyar bayani ya tsaya cak."

Na ci gaba da tankaɗena. Haushinta na gaskiya ne, ba ni da hurumin raina shi. Amma tsakin nan da zafin nan da hadarin da ba ya zuba, su suka ɗauke ni suka mayar da ni shekarar da ni ma na zauna wannan jarabawa, ina budurwa.

Sunana Saratu. An haife ni a wata 'yar unguwar manoma arewa da Ɗanbatta. Yawancinmu masu zuwa coci ne, sai 'yan tsofaffi da suka riƙe al'adar kakanni. A wajenmu mace tana noma kamar namiji, ba a ganin komai a ciki. Makarantar sakandaren tana babban ƙauyen Musulmi da ke maƙwabtaka da mu, ta jeka-ka-dawo ce, da ƙafa muke zuwa ta cikin gonaki. Abin da nake so a duniya guda ɗaya ne, in zama nas. An kuma gaya mana ƙarara cewa makarantar koyon aikin jinya ba ta kallon takardar da babu kiredit a lissafi, ko da mutum ya cinye sauran duka.

Muna shiga ajin ƙarshe aka yi wa malamin lissafinmu canjin wurin aiki. Muka yi ta jira a turo wani, shiru. Daga baya Malam Sule, mai koya mana ilimin noma, ya shigo ajin da alli a hannu, ya tsaya yana kallonmu.

"Wannan ba fannina ba ne," in ji shi. "Amma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Abin da na sani zan ba ku. Abin da ban sani ba mu nema tare."

Ban taɓa ganin laifin mutumin nan ba, har gobe. In ana maganar riba da faɗuwa ne, ko faɗin fili, ko kaso cikin ɗari, yana yi mana tiryan-tiryan. Amma da an shiga lissafin kusurwa, ko wanda ake buɗe ɗan littafin nan mai cike da lambobi ana bin layi da yatsa, sai mu ga ya tsaya, ya ba mu baya, alli a sama. Ya rubuta, ya goge da tafin hannu, ya sake rubutawa. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Can sai ya ce, "Bari mu ajiye wannan tukuna." Abubuwan da muka ajiye tukuna sun fi waɗanda muka yi yawa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na jirgin ruwa. Wai jirgi ya tashi daga wani wuri ya nufi arewa maso gabas, ya yi tafiya kaza, ya karkata, ya sake tafiya kaza, a nemo nisansa daga inda ya tashi da kuma fuskar da zai bi ya koma. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ɗin Watari ba. Kuma duk takardun jarabawar shekarun baya da Malam ya samo mana, jirgin nan yana ciki, ba ya fashi.

Littafin lissafi kuwa guda muke da shi ni da ƙawata Binta, 'yar babban ƙauyen, wadda muke zama benci ɗaya. Na yayanta ne. Ya daɗe ajiye a ɗakin ƙasa, gara ta cinye bayansa, daidai inda amsoshi suke. Sai ki zauna ki cika shafi guda da aiki, ki fito da lamba a ƙarshe, kuma duk faɗin ƙasar nan babu mai gaya miki ko daidai ne. Binta ta samu amsarta, ni in samu tawa daban. Mu kai wa Malam Sule ya raba gardama, shi kuma ya fito da ta uku. Mu tsaya mu ukun muna kallon takarda.

Duk wannan da cikin ƙoshi ne da da sauƙi. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke lokacin da gero yake tsakiyar fitar da kai. Kafin bazara ta shigo, in Inna za ta ɗebo hatsi sai ta shige rumbu gaba ɗayanta, muna jin ƙarar ƙorya tana kartar ƙasa. Tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Da safe kunu ne, tsararo, wanda kana sha kana ganin gindin kwano. Da rana kwaɗon zogale in an samu ƙuli-ƙuli, in babu a ci da gishiri da barkono. Ƙanwata Laraba takan cika aljihunta da aduwa tana tsotsa har bakinta ya yi ɗaci.

Baba ya yi rani a Watari yana ƙodago a gonakin tumatir, ya dawo da nufin gyaran gona. Bai daɗe da dawowa ba idon sawunsa ya kumbura, ya yi ƙurji, ya fashe, kurkunu ya leƙo. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, na gode wa Allah. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, ana samunta daga ruwan kududdufi, ta kwana a jikin mutum shekara guda sannan ta huda fata ta fito. Ba a fizgo ta, in ta tsinke a ciki ƙafar ta lalace. Kullum da safe Inna takan zauna ta naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, ta ɗaure. Ana cikin wannan wani ya sake fitowa a gwiwar ɗaya ƙafar. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma kan tabarma a inuwar rumbu, yana ba da umarni, yana faɗa da kowa, har da kaji.

Aikin gandu kaf ya dawo kanmu, ni da Inna. Yadda ranata take tafiya ke nan. Gari bai gama wayewa ba ina bakin rijiya, don ruwan ya yi ƙasa, wanda ya makara laka zai ja. In dawo in yi surfe, in sha kunu a tsaye, in kama hanyar makaranta. In taso rana tana tsaka, yashi yana ƙona ƙafa ta cikin silifa. Da la'asar in ɗora wa jaki mangala, in yi ta kai taki gona ina zubewa tsibi-tsibi, Inna tana sassabe tana ƙona kara. In mun dawo ga daka, ga tuƙin tuwo. Kananzir kuwa ba na karatu ba ne a gidanmu shekarar nan, ana kunna fitila ne a ci abinci a duba ƙafar Baba, a hure.

Lokacin da ya rage mini na bita shi ne tsakanin dawowa makaranta da fita gona, lokacin da ko kare ba ya yawo. Nakan shimfiɗa buhu gindin tsamiyar bayan gida, in buɗe littafin in ranar riƙona ce. Iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu take fitowa. Gumi yana ɗiga daga haɓata yana ɓata tawada. Ga yunwa, wadda ba ta ciwo sosai, sai dai ta sa kai ya yi fayau, in karanta layi ɗaya in kai ƙarshe na manta farkonsa. Wani lokaci in farka in ga na yi barci a kan jirgin ruwan, kumatuna ya manne da shafin. Sai muryar Inna daga cikin gida: "Saratu, rana ta yi sanyi, jakin nan yana jiranki."

Ruwan farko ya zo da wuri shekarar nan, mai ƙarfi. Kowa ya fita ya yi shuka, mu ma muka yi. Gero ya tsiro tsanwa shar, layi-layi, mutane suka fara dariya a hanya. Daga nan sama ta rufe bakinta. Muna ji muna gani tsiron ya yi rawaya, ya lanƙwashe, ya kwanta, iska ta binne shi da yashi. Mutanen babban ƙauye suka fita filin idi roƙon ruwa, muka yi namu a coci, tsofaffin unguwarmu su ma suka yi nasu yadda suka gada. Rana ta ci gaba da fitowa fara fat.

Irin da muka ajiye ya tafi ke nan. Ran kasuwar Ɗanbatta Inna ta ja akuyarta guda da ta rage, ta dawo da iri da ɗan abin da za a ci. Ta zuba irin a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta ajiye a ɗakin Baba, kusa da kansa.

"Kowa ya gani," ta ce da ni da Laraba. "In wannan ya bi na farko, babu na uku."

Aka fara jarabawa a haka. Muka yi Turanci, muka yi Hausa, muka yi kimiyyar halittu, ina fitowa da ƙwarin gwiwa. Lissafi yana can gaba, ranar wata Talata. Sai ga Malam Sule ya shigo aji fuskarsa a sake, irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce yana da aboki a Ɗanbatta, malamin lissafi na ainihi, wanda ya karanta abin a jami'a. Ya roƙe shi ya amince zai zo ranar Asabar ɗin da ke gaban jarabawar, ya wuni da mu. Rana ɗaya tak, don shi ma yana da nasa ɗaliban.

"Duk abin da muka ajiye tukuna," in ji Malam, "ku tattaro shi. Ranar nan za a sauke mana kayan nan, har da ni."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ɗora wa Asabar ɗin nan ba. Ni da Binta muka bi littafin shafi-shafi muna naɗe kunnen duk inda muka maƙale, har littafin ya kumbura. Na gaya wa Inna tun da sauran kwanaki. Ta ce, "Allah ya kai mu." Na yi surfen Asabar tun ran Alhamis. Ran Juma'a na cika duk randunan gidan, na yi wa jaki ciyawar kwana biyu, na wanke kayan makarantata na shanya. Ban bar wata ƙofa da za a ce Saratu zo ki yi kaza ba.

Ran Juma'ar da yamma, ina kwashe shanyar, iska ta tsaya cik. Gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Mun saba, ba wanda ya ɗaga kai sosai. Sai wata iska mai sanyi ta bugo, ɗigo ya faɗo mini a hannu, babba, mai nauyi. Kafin in kai ƙofar ɗaki ruwa ya kece. Ƙamshin ƙasa ya tashi ya cika ko'ina. Yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suna jera tukwane a ƙarƙashin indararo, ina jin guɗa daga gidan maƙwabta. Baba ya ja jiki zuwa bakin ƙofa ya miƙa hannu waje, ruwan yana dukan tafinsa, yana ta godiya ga Ubangiji. Ni kuwa ina tsaye rungume da kayan makaranta. Duk unguwar nan ni kaɗai ce na san abin da ruwan nan ya zo ya ɗauka.

Da asuba na ji Inna tana fasa lakar bakin tulun. Na fito na same ta a tsakar gida ta jingina sungumi biyu a bango, wato dogayen fartanyun da ake saran shuka da su. Na riga na sa kayan makaranta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ci gaba da juye iri a ƙorya.

"Inna, yau ce Asabar ɗin da na gaya miki."

"Na sani."

"Malamin ba zai sake zuwa ba."

"Ruwan ma ba mu san ko zai sake zuwa ba."

"A bari sai gobe mana. In an taso coci sai mu wuni a can, ni zan yi saran duka."

"Gonarmu jigawa ce, ke ma kin sani. Yashi ba ya riƙe danshi. In rana ta dake shi yau, gobe a busasshiyar ƙasa za mu zuba akuyata."

"To ke da Laraba ku fara, in na dawo..."

"Laraba sungumin ya fi ta tsawo. Zubawa kawai za ta iya. Ni kaɗai in yi ta sara, ko rabi ba zan kai ba."

Na ce a nemo wani ya taya mu. Ta ce in leƙa waje in gani ko akwai mai hannu biyu da ba ya hanyar tasa gonar. Gaskiya ta faɗa. Ta kan katanga ina hango mutane suna wucewa da sungumi a kafaɗa, har da tsofaffin da suka daina fita.

Muna cikin haka Baba ya yi magana daga ɗaki. "Ƙyale ta ta tafi. Ni zan je."

Muka juya. Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki sanda. Ƙafafun nan biyu a kumbure, ɗaure da tsumma. Ya taka ɗaya, ya ja ɗayar. Ya fito tsakar gida yana cije leɓe, ya miƙa hannu zai ɗauki sungumi. Bai kai ba gwiwar ta ƙi, ya tafi gaba ɗaya ya zube a cikin taɓo. Bai yi ƙara ba. Ya zauna a wurin, gumi yana tsattsafo masa duk da sanyin safiyar, yana kallon ƙasa. Inna ta je ta kama shi. Na shiga ɗaki na tuɓe kayan makaranta, na ɗaura tsohon zane, na fito na ɗauki sungumin.

Muka kama hanya. A gona muka jera, ni da Inna muna sara, Laraba tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige, in ta yi nisa a baya Inna ta koma ta taya ta. Ƙasar ta yi laushi, tana buɗewa baƙa a ƙarƙashin sungumi, tururi yana tashi daga cikinta. Ko'ina ka duba mutane ne a duƙe ko a tsaye, ana kiran juna daga gona zuwa gona, ana barka da ruwa. Ni ina sara ne kamar da ƙasar nake faɗa.

"Takunki ya yi faɗi," in ji Inna. "Ki daidaita. Ba tsere muke ba."

Da hantsi na jiyo ƙarar babur daga can hanyar Ɗanbatta, tana tafe tana shiga babban ƙauye. A lokacin babur ba shi da yawa a wajenmu, ba sai an gaya mini ko wane ne ba. Na tsaya da sungumi a sama har ƙarar ta ɓace. Sannan na ci gaba. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, ƙotar ta riƙa mannewa. Rana ta take, danshin sama ya fara yin fari a gefen da muka fara, na ga abin da Inna take faɗa da idona, abin ya ƙara ba ni haushi.

Azahar ta gota lokacin da muka kai gindin gawon da ke kusa da iyaka. Inna ta dubi abin da ya rage, ta dubi rana.

"Je ki. Wannan mu za mu ƙarasa."

Ban koma gida na canja kaya ba. Na yar da sungumin na yanki gonaki da gudu, laka har ƙauri, zane a ɗaure a ƙugu. Na kusa shiga babban ƙauyen, inda hanya ta matse tsakanin shinge biyu, sai ga babur yana tahowa. Mutum ne mai farar riga, ya naɗe ƙafar wando saboda taɓo, da jaka a rataye. Na ɗaga hannu. Numfashina ya ƙi barin magana ta fito. Shi kuwa ya ga yarinya ta taso daga gona tana gaishe shi, ya rage gudu, ya yi murmushi.

"Sannu da aiki, 'yan mata. Barka da ruwa."

Na matsa jikin shinge na ba shi hanya, ya wuce.

A makaranta na tarar da Malam Sule da Binta kawai. Ashe ɗalibai kaɗan ne suka zo, yawanci 'yan matan da gidajensu ke da maza da yawa, irin su Binta. Baƙon ya yi abin da zai iya, ya ga ajin fayau, hadari kuma yana sake haɗowa, ya ce gara ya kama hanya. Allon yana nan cike daga wannan gefe zuwa wancan da rubutu mai kyau, ƙanana, a jere. Ga jirgin ruwana a tsakiya, an zana shi, an warware shi har ƙasa, an ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

"Na hana a goge," in ji Malam. "Na san za ki zo. Zauna in maimaita miki."

Na zauna, laka tana bushewa a ƙafata. Ya ɗauki alli ya fara bi yana nunawa. Layin farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku ya tsaya. Ya koma sama, ya sake gangarowa, ya sake tsayawa a wurin.

"Ya aka yi wannan ta koma wannan?" ya faɗa a hankali, ba da ni yake ba. Ya juyo. "Wallahi, Saratu, da yana tsaye a nan na gane. Har na ce ashe abin ba wuya. Da ya tafi kamar ya tafi da shi a jakarsa."

Binta ta karɓa. Ita ta gane, ana gani a idonta, amma ba ta iya fitar da shi ba. "Kawai sai ki ɗauko wannan ki kawo nan," take cewa. In ce don me? Ta ce, "Haka ya yi." Na ari takarda da biro a wajenta na kwafe allon kaf, ruwan ƙurajen yana ɓata gefen takardar. Na kwafi kowace lamba daidai, ban san abin da ko ɗaya take nufi ba.

Lahadi bayan coci muka shuka gyaɗa. Litinin na wuni gindin tsamiya da takardar nan, na haddace ta kamar waƙa. Ran Talata aka raba mana tambayoyi, na buɗe, ga shi nan. Ba jirgin ruwa ba ne wannan karon, jirgin sama ne, lambobin kuma daban. Haddata ba ta da inda za ta shiga. Na ɗauki rula na ja layin arewa, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa sosai saboda ciwo. Na zana tafiyar farko, na zana ta biyu, na haɗa su. Zanen ya yi kyau. Daga nan na zauna ina kallonsa, ina jin ƙarar birukan mutane, har aka ce a ajiye. Ba shi kaɗai ba ne, duk abin da muka ajiye tukuna sai da ya fito ya same ni a ɗakin nan.

Daminar ta yi kyau, irin wadda ake ba da labari. Ruwa bai sake yankewa ba. Baba ya warke wajen maimai, wato noma na biyu, ya fito yana ɗingishi yana zagaya gero da ya fi shi tsawo. Wasu da suka jinkirta shukar ran Asabar ɗin nan tsironsu bai fito da kyau ba, sai da suka yi ta cike gurbi, namu kuwa ya tashi ɗaya. Kowa ya wuce sai ya yaba.

Sakamako ya fito da kaka. Na karɓo na biyo ta gona, na tarar ana ɗaurin dami, Baba yana tsaye yana dariya da maƙwabta, ga zangarniya tsibi-tsibi. Inna ta hango ni ta taso tana goge hannu a zane.

"An ci?"

"An ci sauran. Lissafi ne ba a ci ba."

"Guda ɗaya kaɗai?" Fuskarta ta washe. Ta juya wajen mutane. "Kun ji, duk ta cinye, guda ɗaya ce ta kuɓuce mata."

Aka yi ta sa mini albarka. Wata tsohuwa ta yi guɗa. Na tsaya da takarda a hannu ina amsa gaisuwa, na rasa ta inda zan fara bayyana musu cewa gudan nan ita ce ƙofar, sauran duk ado ne. Na ninke takardar na soke a zane, na duƙa na kama ɗaurin dami.

Shekarar nan mun ci tuwo safe da yamma. Na sake zama jarabawar da shekara ta zagayo, ba malami, ba littafi, don Binta ta samu kiredit ɗinta ta tafi kwalejin horon malamai da littafin. Na samu ɗan abin da ake kira an wuce, wanda makarantar jinya ba ta karɓa. Daga nan rayuwa ta yi gaba da ni. Yau ina aiki a ƙaramin asibitin yankinmu, ina shara, ina wanke kayan aiki, ina miƙa wa nas-nas abin da suka nema. Suna kirana Mama, suna girmama ni. Farar rigar dai ban sa ba.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, idonta ya yi rauni. Ban taɓa tayar mata da maganar nan ba sai makon jiya, da na je yanke mata farce. Tana zaune a tabarma, hannunta a cinyata, tana tambayata ko gabas ta yi duhu. Na ce ba ta yi ba. Sai na ji maganar ta fito da kanta.

"Inna, kin tuna shekarar kurkunun Baba? Ranar da muka yi shuka ta biyu?"

"Shekarar da na sayar da jar akuyata."

"Ita. Da kin san abin da ranar nan za ta jawo mini, da kin bar ni na tafi?"

Bakinta ya yi ta motsi kamar mai tauna wani abu. Na ɗauka ba ta ji ba, ko ta ji ba ta so. Na riƙe reza ina jira. Shekaru da yawa ina shirya abin da zan ce in ta ba ni haƙuri, da abin da zan ce in ta kare kanta.

"Da na sani," in ji ta, "da na tashe ki tun kukan zakara na farko. Da mun gama da hantsi."

Na dube ta. Ba wasa take ba, lissafinta ta yi tsaf, ta ba ni amsar da ta samu. Ta ɗaga ɗaya hannun ta miƙo mini.

"Yi a hankali da wannan, babban ɗan yatsan yana mini ciwo."